Hannun da Na Miƙa wa Baffan Nusaiba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo bincikena ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. A Dubai nake zaune, ina aikin kwamfuta a wani ofishin kago da ke Port Saeed, inda 'yan kasuwarmu ke kawo kayansu a auna a loda musu zuwa gida. Shekaruna sun haura talatin da biyar, kuma ina neman auren wata baiwar Allah a Kano mai suna Nusaiba, tana aikin ba da magani a wani asibiti. Magana ta yi nisa, manyana sun je sun gaisa da nata, abin da ya rage kawai shi ne bincike. To ni ba a unguwa nake ba, balle a je wurin mai shayi da limamin masallaci a tambayi wane irin mutum ne ni. Sai mahaifinta ya ce ai da sauƙi, ƙanensa yana zuwa Dubai sarin yadi da takalma, idan ya zo sai ya gan ni da idonsa. Duk abin da ya koma ya faɗa a kaina, da shi za a yi aiki.

Nusaiba ta yi min bita a waya kamar mai shirya ɗalibi jarrabawa. Ta ce Baffa ba ya son surutu, ba ya son yaro ya kafe babba da ido, kuma ya tsani 'yan bokon nan masu fara kowace magana da "ni a ganina". Na ce mata in dai wannan ne ta kwantar da hankalinta. Ni mutum ne da a ofis wani ɗan Indiya ya taɓa tambayata ko a addininmu akwai azumin magana. Ta yi dariya ta ce gaskiya ne, a nan ɓangaren ba ta da fargaba a kaina.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa faɗa mata ba, ba don ɓoyo ba, sai don ban ɗauke shi abin faɗa ba. Lokacin muna yara a Gwammaja akwai wani shagon gem a bakin layinmu, talabijin biyu da benci ɗaya. Talabijin ɗaya an haɗa ta da wata na'ura mai ruwan toka, ɗayar kuma da wata baƙa, kowacce da kamfanin da ya yi ta a Japan. Yaran unguwa suka rabu biyu a kan na'urorin nan kamar yadda iyayenmu suka rabu a kan jam'iyya. Ni ɗan baƙa ne. Na yi dambe a kanta, an yaga min rigar makaranta a kanta, na sha bulala a gida a kanta. Daga baya kamfanin baƙar ya daina ƙera na'ura gaba ɗaya, 'yan toka suka yi mana dariyarsu suka more, kowa ya girma ya kama gabansa. Ni dai na ɗauka abin ya fita daga raina.

Ana saura 'yan makonni Baffa ya zo, sai kamfanin nan ya saki wani ɗan gajeren bidiyo a intanet. Ba komai a cikinsa: duhu, sai ƙarar nan da na'urar take yi idan an kunna ta, sai inuwar wani abu mai kama da akwati, sai rubutu cewa a saurare su. Ba su ce sabuwar na'ura ce ba, ba su kuma ce ba ita ba ce. Ina cikin jirgin metro a hanyar komawa Al Qusais na gani, kuma sai da na wuce tashata ban sani ba.

Daga ranar na shiga wani zaure a intanet inda irina ke taruwa, magidanta masu furfura daga Brazil da Turai da ko'ina, kowa da sunan bogi, ana ta hasashe. (Sunana na bogi ba zan faɗa ba, kunyar da zan ba ku labari ta ishe ni haka.) Wasu suka ce ɗan akwati ne kawai za a cusa wa tsofaffin wasanni a sayar wa masu kewar yarinta. Wasu suka ce sabuwar na'ura ce sukutum, wadda za ta kara da manyan na yanzu. Ni kuwa na ɗauki hoton inuwar nan na yi ta ƙara masa haske a kwamfutar ofis, har na hango wani siririn layi a samanta. Na yanke hukunci cewa ramin kaset ne, wato tsofaffin kaset ɗinmu na da za su shiga su yi aiki. Na zauna na rubuta dogon bayani da hujjoji, mutane suka yi ta yabawa, wani ɗan Brazil har ya kira ni farfesa. A wurin aiki ban taɓa samun irin wannan girmamawar ba.

Baffa ya sauka a wani ƙaramin otal a Al Buteen, irin waɗanda za ka tarar da kwalayen 'yan kasuwa jibge har bakin lif. Ya aiko cewa mu haɗu bayan sallar Juma'a a wani gidan abincin 'yan Yaman da ke kusa, inda ake zama a ƙasa a ɗan ɗaki mai labule. Na sa farar shadda da hula sabuwa fil, na ɗauki Nazifi, wanda muke zaune gida ɗaya, ya yi min rakiya, tunda mutum ba ya zuwa gaban suruki shi kaɗai. Tun a hanya muka raba aiki: shi zai yi magana, ni zan sunkuyar da kai.

Baffa dogon dattijo ne siriri mai farin gilashi, maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso za ka ji. Tare da shi akwai wani Isuhu ɗan Maraɗi, dillali ne da ke zagayawa da 'yan kasuwa shagunan Deira. Kullum wayarsa na hannunsa yana ɗaukar bidiyon kaya yana tura wa masu saye, har ta zame masa jiki.

Farkon zaman ya tafi yadda ake so. Na durƙusa na gaishe shi, ban miƙa hannu ba sai da ya miƙo, na kama da hannu biyu ina kallon ƙasa. Na raɓe a gefen darduma. Ya tambaye ni aiki, ya tambayi iyayena, ya tambayi masallacin da nake salla da yadda muke fama da zafin garin, duk na amsa da "Alhamdulillahi, Baba" ko abin da ya yi kusa da haka. Aka kawo mandi, shinkafa da naman rago a babban faranti, na ce na ƙoshi (ƙarya nake, tun safe ruwa kawai na sha saboda fargaba). Da ya matsa sai na ɗan tsakura da bakin yatsu. Nazifi kuma yana ta zuba min yabo, yana cewa tun da muke bai taɓa ganin na fita yawo bayan isha'i ba. Gaskiya ya faɗa, don a lokacin ina cikin zaure ina musu da 'yan Brazil. Baffa yana ta gyaɗa kai. Ni a zuciyata har na fara tunanin kalar labulen da za a sa a ɗakin amarya.

Sai hira ta gangaro kan kaya. Baffa ya ce jikokinsa sun ba shi sautun abin wasa, ya tambayi Isuhu me ake yayi bana. Isuhu ya lissafa masa motoci masu rimot da jiragen roba, sannan ya ce af, ya ma ji a shagon wani ɗan Chana cewa tsohon kamfanin nan mai baƙar gem zai dawo. Ya taɓe baki ya ce, "Amma roba ce kawai, c'est tout. Dama can kamfanin nan bai taɓa yin abin kirki ba, mai ruwan tokar ita ce na'ura."

Nazifi ya san ciwona, don haka ya mintsine ni a gwiwa. Na haɗiye. Na kalli shinkafa, na yi istigfari a zuci, na tuna Nusaiba da bitar da ta yi min. Wallahi a wannan karon na ci jarrabawa, kuma ina so a rubuta min ladan. Amma Isuhu bai yi shiru ba. Ya ce shi ma ya ga hoton da ake yawo da shi, wai har akwai wasu marasa aikin yi a intanet da ke cewa layin nan na sama ramin kaset ne, alhali ko makaho ya san haske ne kawai ya faɗa a kan roba.

Na ji bakina ya ce, a hankali, "Ba haske ba ne."

Baffa ya juyo ya ce, "Na'am?"

Ƙofar tsira ke nan aka buɗe min. Abin da ya kamata in ce shi ne ba komai Baba, in mayar da kaina ƙasa, a ci gaba da maganar jiragen roba. Maimakon haka sai na ce haske ba ya yin layi miƙaƙƙe a kan abu mai lanƙwasa. Na faɗa kaina a sunkuye, cikin ladabi. Isuhu ya ce shi dai abin da ɗan Chana ya gaya masa ke nan. Na ce ɗan Chana a shagon Deira yake, ba a Japan ba. A nan ne kaina ya ɗago, kuma bai sake komawa ƙasa ba.

Abin da ya biyo baya ban iya tuna shi a jere ba, sai daga baya aka tuna min. Na ciro waya na buɗe hoton da na ƙara wa haske, na kai shi har ƙarƙashin hancin Baffa. Na ba da tarihin kamfanin tun daga farkonsa, da kurakuran da ya yi har ya faɗi, da dalilin da ya sa ba zai maimaita su ba. Na ce "ni a ganina" ban san adadi ba. Na tashi daga zaman ladabi na koma kan gwiwoyina. Zufa ta karyo min, na cire sabuwar hular na ajiye a kan darduma. Na jawo kwalin tishu na ce a ɗauka wannan ce na'urar, na naɗe gurasa na ce wannan kuma kaset, na hure ta fuu-fuu kamar yadda muke hure kaset in ya ƙi kamawa, na cusa ta a bakin kwalin. Sannan na yi ƙarar kunna na'urar da bakina, da ƙarfin da ya sa ma'aikacin gidan abincin ya ɗaga labule ya ce da Larabci, "Shwaiya shwaiya, habibi," wato in yi a hankali.

Yunwa kuma ta samu dama. Ni da na ce na ƙoshi, sai ga ni ina kai loma ina magana, shinkafa na tsalle daga bakina. Akwai wata tsoka mai kyau ta kafaɗa da Isuhu ya tura gaban Baffa tun farko don girmamawa, dattijon yana ta lallaɓa ta. Ban san lokacin da na miƙa hannu na yage rabinta ba. Nazifi ya daina mintsinina, ya jingina da bango ya zuba wa ikon Allah ido. Isuhu ya ce khalas, ya yarda, ramin kaset ne. Na ce ba yarda nake nema ba, so nake ya fahimta. (Wayarsa tana ɗage tana kallona duk tsawon lokacin nan, ni na ɗauka hoton yake nema ya gwada da nawa.)

Can na tsaya shan ruwa. Sai Baffa ya gyara gilashinsa ya ce, a muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa, "To in na fahimce ka, idan ramin nan na kaset ne, wanda ya adana tsofaffin kaset ɗinsa bai yi asara ba ke nan."

Jama'a, wannan ita ce maganata gaba ɗaya. Ita na yi makonni ina yi wa Nazifi bayani yana yin barci ya bar ni. Ban taɓa samun mutum ido da ido da ya kama ta a tashi ɗaya ba sai ranar. Daɗi ya rufe ni, na manta a gaban wa nake. Na ce, "Yauwa mutumina, kai ka gane!" na ɗaga hannuna sama na miƙa masa mu tafa.

Hannun ya tsaya a sama. Baffa ya kalle shi ta saman gilashi, hannu ne duk maiƙo da ƙwayoyin shinkafa manne a tafin, sannan ya kalli fuskata, sannan ya sake kallon hannun. A daidai nan hankalina ya dawo gaba ɗaya, ya tarar da ni a kan gwiwa, kai ba hula, gurasa a cikin kwalin tishu, naman ƙanen mahaifin Nusaiba a cikina, kuma na kira shi mutumina. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da aka haife ni. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar gidan abincin tayil ce.

Matsalar hannun da aka ɗaga don tafawa ita ce ba shi da hanyar sauka. Na rasa yadda zan yi da shi, sai dabara ta zo min in nuna kamar dama hula zan gyara. Na kai shi kaina na shafa, hular kuwa tana kan darduma, na goge maiƙon rago tas a gashina. Baffa ya ɗauki hular da yatsu biyu ya miƙo min ya ce, "Sa hularka, yaro." Sannan ya ce wa Isuhu a kawo shayi.

A hanyar komawa ni da Nazifi muka bi ta bakin ruwa, inda ake loda kaya a manyan jiragen katako. Can ya dube ni ya ce "mutumina", sai dariya ta kwashe shi har sai da ya zauna a kan wani kwali. Ni ban yi dariya ba, lissafi nake yadda zan gaya wa mahaifiyata cewa gurasa ta kashe min aure. Washegari na sayi turare mai kyau na je otal ɗin ba da haƙuri. Baffa ya karɓa ya ce ba komai, Allah ya shirya mu baki ɗaya. Duk wanda ya tashi a Kano ya san idan dattijo ya yi maka wannan addu'ar, ba kansa yake nufi ba.

Bayan ya koma gida Nusaiba ta kira ni ta ba ni rahoton. Ashe Baffa ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya bi ta ofishinmu da masallacinmu ya yi tambaya. Ya gaya wa yayansa cewa yaron ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba ya bin mata, yana salla, yana riƙe da aikinsa. Sai dai yana da wata lalura da shi bai san sunanta ba, ga ta nan su gani da idonsu, ya tura bidiyon Isuhu a guruf ɗin gidansu. Ta ce mahaifinta ya yi dariya har da tari, ya ce in dai iyakar aibin ke nan to da sauƙi, a sa rana kawai. Gwaggonninta kuma sun riga sun raɗa min suna Mai Kaset. Na sauke ajiyar zuciya, na ce alhamdulillahi, na yarda da sunan, a kira ni da shi har a katin biki.

Sai na lura ita ba dariya take ba. Ta ce ta kalli bidiyon ya fi a ƙirga. Ta ce ba ta san ina ɗaga murya ba, ba ta san hannuwana suna motsi in ina magana ba, ba ta taɓa ganin idona ya yi irin wannan hasken ba. Sannan ta ce, "Ni na ɗauka haka Allah ya halicce ka, shiru-shiru, na ce zan iya zama da kai a haka. Ashe kana da zafin, ba dai a kaina ba."

Ni farfesa, wanda ya rubuta dogon bayani da hujjoji a kan inuwar akwati, abin da na iya ce mata shi ne, "Haba Nusaiba." Ta yi shiru tana jiran sauran, har ina jin ƙarar fankar ɗakinta ta cikin waya. Sauran bai zo ba. Ina son ta, wallahi ina son ta, amma a lokacin na buɗe baki na tarar ba kalma ko ɗaya a ciki. Ta ce to shi ke nan, sai da safe. Kwana biyu bayan haka ta gaya wa mahaifinta a ɗan dakata da sa ranar, tana so ta yi tunani.

Har yau da nake wannan rubutun kamfanin bai ce komai ba, Nusaiba ma ba ta ce komai a kan sa ranar ba. Zauren ban fita ba, kar in yi muku ƙarya, amma na rage shiga. Kullum ina kiran ta ina ƙoƙarin yin magana mai zafi, ran nan ta ce in daina, wai kamar mai karanta labaran rediyo. Shekaranjiya ta tambaye ni, in aka ce gobe za a bayyana na'urar kuma gobe za a sa mana rana, wanne labarin zan fara dubawa in na tashi. Na ce nata mana. Ta ce ta ji amsar, ta kuma ji ɗan shirun da na yi kafin amsar.

Abin da na koya dai shi ne, shiru a gaban suruki ladabi ne, amma a gaban 'yar gidan, ko na ƙiftawar ido ne, shaida ce a kanka. Yanzu atisayen wannan tambayar nake yi a gaban madubi, Nazifi yana jefo min ita ba zato, kuma ya ce har yanzu da ɗan saura.